Yadda Ake Auna Hayaƙin Taba A Cikin Gine-gine Da Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa

Duk mai otel, ko gidan cin abinci, ko ofishin da jama'a ke shiga a Nijeriya, doka ta ɗora masa wani alhaki a kan iskar da ma'aikatansa da abokan cinikinsa ke shaƙa. Dokar ƙasa ta taƙaita shan taba, wadda aka rattaba wa hannu a watan Mayu na 2015, ta haramta busa sigari a wuraren taruwar jama'a, ta kuma tanadi tara ko ɗauri ga wanda ya karya ta. Sai dai kuma dokar ta bar wata ƙofa a buɗe, domin ta yarda wasu wurare su keɓe sashe na masu shan taba. Haka ita ma dokar Jihar Legas ta 2014 ta yarje wa otel-otel da gidajen rawa su keɓe wani ɗan yanki na harabarsu. Kafin waɗannan duka akwai dokar soja mai lamba 20 ta 1990, wadda aka kafa a zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ke riƙe da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya.

Tambayar da ke gaban ɗan kasuwa ita ce, in ya kashe kuɗi ya raba zaurensa gida biyu, ya ƙara fanka da na'urar sanyaya ɗaki, shin hayaƙin zai tsaya a inda aka ce ya tsaya? Hanci ba zai iya ba da amsa ba, domin wanda ya daɗe a cikin ɗaki yakan saba da warin har ya daina jin sa. Ido ma bai isa ba, saboda mafi yawan abin da ke cutarwa ba a ganin sa. Wannan ne ya sa masana suka koma ga na'urorin awo da kuma manhajar kwamfuta, wato tsarin umurnin da na'ura mai ƙwaƙwalwa ke bi wajen yin lissafi, domin a mai da hayaƙin ya zama alƙaluman da za a iya ajiyewa a kan tebur.

Abin Da Ake Aunawa

Hayaƙin taba na ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kuma kimanin 70 daga cikinsu an tabbatar suna jawo cutar daji. Ba zai yiwu a bi su ɗaya bayan ɗaya a gidan cin abinci ba. Don haka aka zaɓi abu guda da zai wakilci sauran, wato ƙananan ƙwayoyin burbushi da ke yawo a cikin iska, waɗanda masana ke kira PM2.5. Ƙanƙantarsu ta kai a jera talatin daga cikin manyansu kafin su kai kaurin silin gashin kai ɗaya, kuma na hayaƙin taba sun fi haka ƙanƙanta. Shi ya sa gashin hanci da majina ba sa tare su, suna zarcewa har can ƙuryar huhu.

Ana faɗin yawansu da nauyi, wato maikrogiram nawa ke cikin kubik mita ɗaya na iska. Kubik mita shi ne cikin akwatin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa duk mita ɗai-ɗai ne, maikrogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da cewa bai kamata matsakaicin awon yini guda ya wuce maikrogiram 15 ba, na shekara kuwa kada ya wuce 5. Kafin nan, tun daga 2005, ma'aunin yini guda 25 ne. Mai karatu ya riƙe wannan lamba ta 15, domin da ita za a gwada duk sauran da ke tafe.

Batun ko hayaƙin tabar wani na cutar da wanda ba ya sha, an daɗe da rufe shi. A 1981 Dokta Takeshi Hirayama na Japan ya nuna cewa matan da mazajensu ke shan taba sun fi sauran mata kamuwa da cutar dajin huhu, alhali su ba sa sha. A farkon 1993 Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta bayyana rahoton da ya sa wannan hayaƙi a sahun abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar daji ga ɗan Adam. Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasta cewa mutum fiye da miliyan ɗaya da ba sa shan taba ke mutuwa kowace shekara saboda hayaƙin wasu.

Na'ura Da Manhajarta

Wanda ya taɓa zama a ɗakin da rana ta leƙo ta wata 'yar kafa, ya ga yadda ƙura ke rawa a cikin tsinken hasken, to ya riga ya san sirrin na'urar. Wani ɗan famfo ne ke zuƙo iskar ɗakin, a tace manyan ƙwayoyin ƙura a bakin shiga, sannan ragowar ta ratsa ta gaban hasken lesa. Kowace ƙwaya na warwatsa hasken, wani idon lantarki kuma na auna yawan hasken da ya warwatsu. Na'urar da aka fi amfani da ita a binciken hayaƙin taba a shekarun 2000 ita ce SidePak AM510 ta kamfanin TSI na Amurka. Ƙarama ce, tana shiga jakar rataye, ta yadda mai awo zai zauna ya ci abincinsa kamar kowa, ɗan bututun na leƙe daga bakin jakar.

Na'urar na rubuta lamba ɗaya kowane minti a cikin ƙwaƙwalwarta. Bayan an koma ofis sai a haɗa ta da kwamfuta, manhajar kamfanin mai suna TrakPro ta sauke jerin lambobin tare da lokacin kowace, ta fitar da matsakaici da mafi girma, ta kuma zana su. A zanen ana ganin layi a kwance lokacin da mai awo ke bakin titi, sai ya miƙe kamar dutse da zarar ya shiga zauren, ya sake faɗowa da ya fita.

To amma a nan ne ake yawan yin tuntuɓe. Na'urar ba ta auna nauyi kai tsaye, haske take aunawa sannan ta yi ƙiyasin nauyi. A masana'anta da wata ƙurar gwaji ta hamadar Arizona ake daidaita ta, alhali ƙwayoyin hayaƙin taba sun bambanta da ƙurar ƙasa wajen girma da nauyi da yadda suke warwatsa haske. Saboda haka in aka bar ta yadda ta zo, sai ta ninka gaskiyar lamarin kusan sau uku. Masana sun gwada ta kafaɗa da kafaɗa da tsohuwar hanyar awo, wadda ake tara hayaƙin a kan takardar tacewa a ɗora a sikeli, suka fitar da lambar gyara. Wadda aka fi amfani da ita a manyan binciken ƙasa da ƙasa ita ce 0.32. Wato ke nan in na'ura ta nuna 600, abin da za a rubuta shi ne 192. Duk ɗan kasuwar hatsi ya san bambancin mudun da hukuma ta buga wa hatimi da wanda aka bubbuge gindinsa. Rahoton da bai faɗi lambar gyaran da aka sa wa manhajar ba, daidai yake da cinikin da ba a nuna wa mai saye mudu ba.

Har ila yau akwai ladubban aikin. Kafin fita ana toshe bakin na'urar da matatar da ba ta barin komai ya wuce, a tabbatar ta koma sifili. A kowane wuri mai awo yakan zauna aƙalla rabin sa'a, yana ƙirga mutanen da ke ciki da kuma karan sigarin da ke ci kowane minti goma sha biyar. Yakan auna tsawon ɗakin da faɗinsa da tsayin rufinsa. Yakan kuma ɗauki awon iskar waje kafin ya shiga da bayan ya fito. Waɗannan bayanai ne ake zuba wa kwamfuta tare da lambobin na'ura, don a ga ko hawan layin ya tafi daidai da yawan sigarin da aka kunna.

Da wannan hanya aka sami alƙaluman da suka canza ra'ayin majalisu da dama. A yammacin Jihar Niyu Yok ta Amurka an auna wurare 20 kafin da kuma bayan dokar hana shan taba ta watan Yuli na 2003, aka tarar burbushin ya ragu da kashi 84 cikin ɗari. A Sikotlan, inda doka ta fara aiki a watan Maris na 2006, masanan Jami'ar Aberdeen sun auna gidajen shan barasa 41, matsakaicin ya faɗo daga maikrogiram 246 zuwa 20. A 2008 aka buga sakamakon wani bincike da ya shafi wurare fiye da 1,800 a ƙasashe 32. Siriya da Romaniya da Lebanon ne suka zo kan gaba da awon da ya haura 340, yayin da Ailan da Urugwai da Niyu Zilan, waɗanda suka haramta shan taba a cikin irin waɗannan wurare gaba ɗaya, suka tsaya a 22 zuwa ƙasa. A dunƙule, wuraren da ake shan taba sun ninka waɗanda ba a sha kusan sau tara.

A nan Afirka ta Yamma, wani binciken da aka yi a Ghana, aka buga a 2011, ya sami tsaka-tsakin awo na 553 a wuraren da ake shan taba, da kuma 16 a inda ba a sha. A Nijeriya kuwa, ƙidayar shan taba tsakanin manya da aka gudanar a 2012 ta nuna cewa kashi 17.3 cikin ɗari na masu aiki a cikin gine-gine na shaƙar hayaƙin wasu a wurin aiki, haka kuma kashi 29.3 cikin ɗari na masu zuwa gidajen cin abinci. Ita wannan ƙidaya da tambayar baki aka yi ta, ba da na'ura ba.

Lissafi Kafin A Kashe Kuɗi

Akwai manhaja iri na biyu wadda ta fi shafar aljihun mai gini, domin ita ba ta jiran a kunna sigari. Hasashe take yi. Tushenta wani lissafi ne da James Repace da Alfred Lowrey suka buga a mujallar Science a 1980, bayan sun zagaya wuraren taruwar jama'a a yankin birnin Washington da na'urar awo. Daga baya Wayne Ott da Neil Klepeis da abokan aikinsu na Jami'ar Stanford suka faɗaɗa shi, suka gwada shi a ɗakuna da motoci da gidajen shan barasa. Lissafin kamar na littafin shige da fice ne na kanti: abin da ke cikin iskar ɗaki shi ne abin da sigari ya zuba, a cire abin da iska ta kwashe ta fita da shi, da abin da ya manne a bango da labule.

Alal misali, a ɗauki zauren cin abinci mai tsawon mita 10, faɗin mita 10, tsayin mita 3. Cikinsa kubik mita 300 ke nan. Karan sigari ɗaya na zuba kimanin miligiram 14 na burbushi a iska. In ana shan kara goma a cikin sa'a guda, wanda bai fi aikin mutum biyar ba, an zuba maikrogiram 140,000. A ce iskar zauren na sauyawa gaba ɗaya sau biyu a sa'a, wato kubik mita 600 na sabuwar iska na shigowa. In aka raba, aka kuma ajiye batun ɗan abin da ke mannewa a bango, awon zai daidaita a wajen maikrogiram 233, fiye da ninki goma sha biyar na ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya. Baƙon da ya ci tuwonsa ya tashi cikin rabin sa'a ya ɗebi kaɗan. Yaron da ke raba abinci kuwa, wanda zai shaƙi iska kimanin kubik mita 10 a aikin sa'a takwas, shi ke kwashe kaso mafi tsoka, kullum, wata da watanni.

Yanzu sai mai zauren ya ce zai ƙara iska. In ya ninka ta zuwa sauyi huɗu a sa'a, awon zai sauko zuwa wajen 117. Kafin ya kai 15 sai iskar ta sauya fiye da sau talatin a sa'a, wato kowane minti biyu, kuma wannan in har iskar wajen tsarkakakkiya ce. A watan Afrilu a Kano ko Sakkwato, duk iskar da aka zuƙo daga waje sai an sanyaya ta, kuma mai biyan kuɗin dizal ɗin janareta ya san abin da hakan ke nufi. Wani abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, na'urar sanyaya ɗaki irin ta manne a bango, wadda ta cika otel-otel da ofisoshi, ba ta shigo da sabuwar iska ko kaɗan. Iskar ɗakin take juyawa tana sanyayawa, an kuma rufe tagogi saboda ita. Ɗaki mai sanyi da ƙamshin turare na iya fin rumfar kasuwa gurɓata nesa ba kusa ba.

Wannan misali na ɗaki ɗaya ne, ana iya yin sa da alƙalami. Inda kwamfuta ke zama dole shi ne gini mai ɗakuna da yawa. Cibiyar ma'aunai da fasaha ta gwamnatin Amurka na da manhaja mai suna CONTAM, wadda aka fara ginawa tun shekarun 1980, kuma kyauta ake samun ta. Injiniya zai zana ginin a cikinta ɗaki bayan ɗaki, ya nuna ƙofofi da tagogi da bututun iska da ramin matakala, har da 'yar kafar da ke ƙarƙashin ƙofa. Sai ya sa mai shan taba a ɗaki ɗaya, manhajar ta nuna masa yadda hayaƙin zai bi bambancin zafi da matsin iska ya isa sauran ɗakunan, da kuma lokacin da zai ɗauka. Abin da irin wannan lissafi da awon zahiri suka sha nunawa shi ne, sashen da aka raba da labule ko katanga rabin tsayi bai raba komai ba, kuma ko ɗaki mai ƙofa yana fitar da hayaƙi duk sa'ad da ma'aikaci ya shiga da faranti ya fito.

A 2005 ƙungiyar injiniyoyin iska da sanyaya gine-gine ta Amurka, wadda ake kira ASHRAE, wadda kuma membobinta ke cin abinci da sayar da waɗannan na'urori, ta bayyana matsayinta cewa hanyar da kawai za ta kawar da haɗarin ita ce hana shan taba a cikin gini. A 2006 Babban Likitan Gwamnatin Amurka ya ce babu wani awo na wannan hayaƙi da za a kira maras haɗari. A 2007 ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar taƙaita shan taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2005, suka ɗauki wannan matsayi. Yana da kyau ɗan kasuwa ya san cewa a shekarun 1990 kamfanonin taba ne suka fi kowa tallata shawarar ƙara iska da raba zaure ga masu otel, kamar yadda takardunsu na cikin gida da shari'o'in Amurka suka fito da su suka nuna.

Inda Awo Ke Iya Ruɗar Mutum

Na'urar hasken lesa ba ta san taba ba. Duk abin da ya ratsa gabanta ƙirga shi take yi. A Dublin ko Aberdeen, inda iskar waje ke da sauƙin burbushi, in layi ya tashi a cikin gidan shan barasa ba a wahalar gane dalili. A Nijeriya lamarin ya sha bamban. A lokacin hunturu, hazo kaɗai na iya sa iskar titi ta ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya sau da yawa. Ga hayaƙin janareta da ke shigowa ta taga, ga tukubar mai tsire a bakin ƙofa, ga girki da itace ko gawayi, ga maganin sauro na kunnawa, ga kuma turaren wuta da ake sa wa zaure don karrama baƙi. Damshin damina ma na kumbura ƙwayoyin har na'ura ta ƙara musu nauyin da ba su da shi. Lambar gyara ta 0.32 kuwa ta hayaƙin taba ce, ba ta dace da ƙurar hamada ba.

Saboda haka jami'in da ya shiga otel a watan Janairu, ya karanta lamba ɗaya a fuskar na'ura, ya rubuta takardar tara, ya ba lauyan mai otel aiki mai sauƙi. Dole a cire awon waje daga na ciki, a kuma rubuta duk wani abu da ke ci da wuta a kusa. In ana son hujjar da ba ta da ja, sai a haɗa da awon nikotin, wanda in ba daga taba da dangoginta ba, ba ya samuwa a iskar ɗaki. Hanyar da Katharine Hammond da Brian Leaderer suka ƙirƙiro a 1987 ita ce a rataye wani ɗan faifai mai takardar da aka jiƙa da sinadari a cikin ɗakin har kimanin mako guda, sannan a kai shi ɗakin gwaji. Ba ya buƙatar wuta ko batir, amma ba ya nuna sa'ar da hayaƙin ya fi yawa. Gidajen shisha kuma na da ƙarin matsala, domin gawayin da ake ɗorawa na fitar da iskar kabon monoksaid mai guba, wadda ke buƙatar na'urar awo ta dabam.

A 'yan shekarun nan ƙananan na'urori masu araha sun yawaita, wasu na aika lambobinsu kai tsaye zuwa wayar hannu ta intanet. Masanan Sikotlan sun yi amfani da irinsu, musamman Dylos DC1700, suka shirya manhajar da ke mai da ƙidayarta zanen da ma'aikacin lafiya zai nuna wa iyaye. Daga awon gidajen masu shan taba sun gano cewa bayan an kashe sigari, iskar kan ɗauki wajen sa'a biyu da rabi kafin ta koma ƙasa da ma'aunin 25, a wasu gidajen ma fiye da sa'a huɗu. Wannan darasi ne ga mai otel da ke zaton buɗe taga na minti goma ya isa a sa sabon baƙo a ɗaki.

An yi fatan ganin zanen kaɗai zai sa mutane su canza hali, amma gwaji bai gaskata fatan ba. Wani gwaji da aka yi da iyaye mata masu ƙaramin ƙarfi a Sikotlan, aka buga a 2018, bai sami wani bambancin kirki ba tsakanin gidajen da aka nuna wa awonsu da waɗanda aka ba shawara kawai. A birnin Dhaka na Bangaladash an yi wani mafi girma, da masallatai 45 da gidaje kimanin 1,800, inda limamai suka yi wa'azi a kan batun, aka kuma nuna wa wasu gidajen awon iskarsu. Sakamakon da aka buga a 2021 ya nuna iskar gidajen ba ta gyaru fiye da ta sauran ba. Babban faɗuwar da aka gani a Niyu Yok da Aberdeen ta biyo bayan doka ce da masu wuraren suka aiwatar a harabarsu.

Ga mai otel ko manajan ofis da zai ɗauki ƙwararre ya auna masa gini, abin da ya kamata ya nema a rahoton shi ne sunan na'urar da ranar da aka daidaita ta, lambar gyaran da aka sa wa manhaja, awon waje na wannan rana, da zanen minti bayan minti maimakon matsakaici guda. Ya kuma sa a yi awon a daren Juma'a ko Asabar lokacin da zaure ya cika, a ajiye na'urar a sashen da ba a shan taba, daidai tsayin hancin mutumin da ke zaune, da kuma wurin da mai karɓar kuɗi ke tsayawa.